Kete-Karaci: Zangon Hausawa a Bakin Kogin Volta

Birnin Tamale, wanda ya fi kowane birni girma a arewacin Ghana, ba ya bakin kogi, kuma ruwan famfon da mazauna unguwanni irin su Zogbeli da Aboabo da Sakasaka suke sha daga Farin Volta ake janyo shi, daga wajajen Nawuni da Dalun. Kafin shekarar 1907, lokacin da Turawan Ingila suka ɗauke hedikwatar mulkin yankin arewa daga Gambaga suka dawo da ita Tamale, wurin bai wuce tarin ƙauyukan Dagombawa ba. Saboda haka Hausar da ake ciniki da ita yau a kasuwar Aboabo ta riga girman birnin shiga ƙasar, kuma ta biyo ne ta wasu tsofaffin garuruwan fatauci waɗanda yanzu hayaniyarsu ta kwanta. Salaga ce aka fi sani a cikinsu, amma wanda tarihinsa ya fi ɗauruwa da ruwa shi ne Kete, zangon da Hausawa suka raya a gefen gabas na kogin Volta, kusa da tsohon garin da hukuma take rubutawa Krachi, Hausawa kuma suke kira Karaci.

Abin da ya sa wurin ya zama gari tun farko shi ne duwatsun da suka tokare kogin. Kwalekwalen da suke ɗauko gishiri daga Ada, inda Volta take faɗawa cikin teku, sukan yi kwanaki suna haurowa, amma idan sun iso Karaci sai su tarar da ruwa yana gudu da ƙarfi a tsakanin duwatsu, ta yadda dole a sauke kaya a bakin gaɓa, a ɗauke su a ka, kafin a sake loda su ko kuma a sayar da su a nan. Duk inda tafiya ta tilasta wa mai kaya ya tsaya, nan ne mai masauki da dillali da mai abinci suke samun abin yi. Mutanen Karaci, waɗanda harshensu yana cikin dangin harsunan Guan, suna da wani abu na biyu da yake jawo baƙi, wato tsafin Dente, wanda mazauninsa yake cikin wani kogo, kuma sarakuna daga nesa, har da na Kumasi, sukan aiko a tambaye shi kafin yaƙi ko wani babban al'amari. Babban bokan wannan tsafi, wanda ake wa laƙabi da Dente Bosomfo, ya kasance mai faɗa a ji fiye da sarkin garin a wasu lokuta.

Hausawa kuwa goro ne ya kawo su wannan nahiya. Littafin tarihin sarakunan Kano ya ambaci buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja a zamanin Sarki Abdullahi Burja, a ƙarni na 15, kuma Gwanja ita ce ƙasar da Salaga take cikinta, ko da yake a bakin fatake sunan ya game duk yankin da ake samo goro. Fataucin ya kai ƙololuwarsa a ƙarni na 19, lokacin da Daular Sakkwato ta samar da babbar kasuwa ga goro, abin marmarin da addini bai hana ba, wanda kuma ya shiga aure da suna da gaisuwar manya. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka fi riƙe wannan sana'a. Ayari, wato taron fataken da suke tafiya tare don tsaro, yakan tashi daga Kano ko Jega a ƙarƙashin madugu, wanda shi ne shugaban tafiya mai sasantawa da sarakunan hanya kan kuɗin fito, da jagaba mai shigewa gaba, ya ƙetare Kwara ta wajajen Yawuri ko Ilo, ya ratsa Bargu ta Nikki da Zugu, sannan ya gangaro ta Sansanin Mango da Yandi zuwa Salaga. Sukan kawo kanwa da turkuɗi da jar fata da dabbobi, su koma da goro a kan jakuna da kawunan 'yan alaro, kuma zuwa da dawowa kan cinye mafi yawan shekara.

Goro kaya ne mai rai, shi ya sa tsarin zango ya zama yadda ya zama. Ana ƙirga shi da ƙwarya, wato ɗari ɗari, a jera shi a cikin huhu, wanda ƙunshi ne da ake shimfiɗa wa ganyen fita domin ya riƙe danshi. Bayan 'yan kwanaki dole a kwance huhun a inuwa, a bi goron ɗaya bayan ɗaya da hannu, a tsame wanda sankara ta kama kafin ya ɓata na kusa da shi, a yayyafa ruwa, a sauya ganyen da ya bushe, sannan a sake ɗaurewa. Falken da zai yi wannan aiki wata da watanni yana bukatar ɗaki mai sanyi da rijiya a kusa da wurin ɗaure jakuna, kuma yana bukatar wanda zai tsaya masa a garin da ba nasa ba. Wannan shi ne maigida, wanda a harshen fatauci yake nufin mutumin da yake sauke baƙo, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma lamunce bashin da aka ci ko aka bayar. Gidajen irin waɗannan mutane, kowanne da zaurensa yana fuskantar hanya, su ne suke jeruwa su zama babban layin zango, da kasuwa da masallaci a tsakiya, da mahauta da maƙera da masu jima a gefe. A Kete wannan layi yana da mafita biyu, ɗaya ta nufi arewa wajen Salaga, ɗaya ta gangara mashigin kogi inda gishirin Ada yake sauka, kuma haɗuwar hanyar tudu da ta ruwa a wuri guda ita ce duk arzikin garin.

Sai dai Kete ba ta yi girma ba sai da Salaga ta samu matsala. Tun daga tsakiyar ƙarni na 18 Gwanja tana ƙarƙashin ikon Asante, waɗanda Hausawa suke kira Tonawa, kuma sarakunan Kumasi sun fi son a tsayar da fataken arewa a Salaga a kai musu goro can, maimakon a bar su su shiga kurmi su saya daga tushe. A watan Fabrairun 1874 rundunar Ingila ƙarƙashin Garnet Wolseley ta shiga Kumasi ta ƙone ta, sai ƙasashen arewa da gabas suka ga dama ta samu suka yi wa Tonawa tawaye, bokan Dente kuma yana cikin jagororin wannan ɓallewa. Sakamakon haka goro ya ragu a Salaga, ciniki ya fara watsuwa zuwa Kintampo da Atebubu da Kete. Abin da ya ƙarasa Salaga shi ne yaƙin basasar 1892, wanda ya tashi tsakanin gidajen sarautar Kpembe, garin sarakunan da Salaga take ƙarƙashinsu, inda ɓangare ɗaya ya nemo taimakon mayaƙa daga ƙasashen Dagomba da Nanumba. Fatake da malamai, waɗanda ba su da hannu a rigimar gadon sarauta amma dukiyarsu ce a fili, suka tattara abin da ya saura suka fice, da yawansu kuma suka gangaro Kete.

Zaman baƙi masu dukiya kusa da masu ƙasa da suke da tsafi mai ƙarfi bai zo da sauƙi ba. Bokan Dente yana karɓar haraji a kan ciniki, yana kuma da iko a kan hanyar ruwa, Musulmin Kete kuwa suna ganin an matsa musu. A daidai wannan lokaci ne Jamusawa, waɗanda suka kafa mulkinsu a gaɓar tekun Togo tun 1884, suke neman hanyar kutsawa arewa kafin Ingila da Faransa su riga su. A ƙarshen 1894 wata tawagarsu ta iso Karaci, ta saurari ƙorafin fatake, ta kama bokan ta harbe shi, aka kuma kafa barikin Jamus a wurin. Ana iya fahimtar dalilin da ya sa mutanen zango suka yi maraba da wannan hukunci, amma gaskiyar magana ita ce sun musanya mai karɓar haraji na kusa da wani na nesa wanda ya fi shi bindiga, kuma ba a daɗe ba suka ga abin da hakan yake nufi, domin a 1896 sojojin Jamus suka ƙone abin da ya rage na Salaga, a watan Disamba na shekarar kuma suka karya rundunar Dagombawa a Adibo suka shiga Yandi.

Akwai wani ɓangare na cinikin wannan layi da bai kamata a rufe shi ba. Kasuwannin Salaga da Kete sun sayar da mutane, kuma a shekarun 1880 da 1890 yawancin waɗanda ake kawowa daga ƙasar Gurunshi aka kamo su, a hare-haren mayaƙan Zabarmawa da Babatu ya jagoranta daga baya. Wasu an tura su kudu aikin gona da dako, wasu sun bi ayari zuwa ƙasar Hausa ɗauke da huhun goro a ka, wasu kuma sun zauna a gidajen masu gida har zuriyarsu ta narke cikin jama'ar zango. Duk wanda yake alfahari da malantar waɗannan garuruwa da ƙwarewarsu a ciniki, wajibi ne ya riƙe wannan tare da wancan, saboda a kasuwa ɗaya aka yi su, kuma jikokin waɗanda aka kama suna zaune yau a Tamale da Navrongo da Tumu, ba su kuma manta ba.

Rabon ƙasa tsakanin Turawa ya mayar da kogin da ya haɗa mutane ya zama iyaka. A 1888 Ingila da Jamus sun amince su bar yankin Salaga da Yandi a matsayin ƙasar da babu mai taɓawa, amma yarjejeniyar Nuwamban 1899 ta raba shi, Salaga da yammacin Dagomba, inda Tamale take, suka faɗa hannun Ingila, Yandi da Kete-Karaci suka zama na Jamus. Masarautar Dagomba ta rabu biyu ke nan, falken da ya saba tafiya daga Salaga zuwa Kete ba tare da tambaya ba kuma ya wayi gari yana ƙetare iyakar dauloli biyu, kowacce da kuɗin fitonta. Tunda goro a ƙasar da Ingila ta mallaka yake fitowa, gishirin Ada ma haka, Jamusawa sun riƙe kasuwa ne ba tare da sun riƙe tushen kayanta ba, kuma Ingilishi sun yi ta ƙoƙarin janye ciniki zuwa nasu gefen kogin.

A cikin waɗanda suka baro Salaga akwai mutumin da ya sa sunan Kete ya shiga tarihin adabin Hausa, wato Alhaji Umaru ɗan Abubakar, wanda aka haifa a Kano wajajen 1858, asalin gidansu kuma daga Kabi. Ya taso yana haɗa karatu da bin ayari, kuma tun yana saurayi ya wallafa wani ɗan littafi da Larabci kan ƙa'idojin rubuta wasiƙa, abin da yake nuna irin bukatar da fatake da sarakuna suke da ita ga malamin da ya iya alƙalami. A Salaga ya yi hulɗa da Bajamushen nan mai nazarin harsuna, Gottlob Adolf Krause, wanda mutanen gari suke kira Malam Musa. Ya koma Kete wajajen 1896, ya zama limamin garin, ya kuma buɗe makarantar da ɗalibai suka riƙa zuwa daga zangunan ƙasar daban-daban. Ya tafi aikin hajji a 1913, ya dawo bayan 'yan shekaru yana ɗan ɗariƙar Tijjaniyya, ya ci gaba da koyarwa a Kete har rasuwarsa a 1934.

Abin da ya bambanta shi da yawancin malaman zamaninsa shi ne yadda ya ɗauki rayuwar yau da kullum a matsayin abin da ya cancanci a rubuta. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa kan zuwan Nasara, inda ya bi garuruwan da suka ci ɗaya bayan ɗaya, ya yi kan talauci da wadata, ya yi kan annobar murar da ta ratsa duniya a 1918, ya kuma mayar da waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi, shahararren mawaƙin Larabawa na kafin Musulunci, zuwa Hausa. A ɓangaren zube, wato rubutun da ba waƙa ba, jami'in Jamus mai kula da yankin, Adam Mischlich, wanda ya fitar da ƙamus na Hausa da Jamusanci a 1906, ya roƙe shi ya rubuta masa labarin ƙasar Hausa, shi kuwa ya rubuta da ajami, wato Hausa cikin haruffan Larabci, tarihin Kabi da na wasu ƙasashe, da bayanin noma da saƙa da rini da aure da bauta da fatauci. Abin lura a nan shi ne cewa ɗaya daga cikin bayanai mafi faɗi da ake da su kan zaman Hausawa a ƙarni na 19, daga bakin ɗan ƙasa kuma da harshensa, an rubuta shi ne a wani zango na bakin Volta, tafiyar watanni daga Kano, kuma mai yiwuwa nisan ne ya sa marubucin ya ga abubuwan da na gida suke ɗauka ba su kai a faɗa ba.

Tun Alhaji Umaru yana raye kasuwar ta fara ja da baya, kuma dalilin bai shafi Kete kanta ba. Jirgin ƙasa ya isa Kumasi a 1903, ya isa Kano a 1911, sai ya zama goro yana iya gangarawa bakin teku, jirgin ruwa ya kai shi Ikko, jirgin ƙasa kuma ya haura da shi arewa cikin 'yan makonni, da ƙarancin asara fiye da yadda jaki zai kai shi. Alhassan Ɗantata, Ba'agale ɗan Bebeji wanda ya san Gwanja tun yana matashi, yana cikin waɗanda suka fara bin wannan sabuwar hanya ta teku, kafin ya koma ga cinikin gyaɗa a Kano. A watan Agustan 1914 Ingila da Faransa suka ƙwace Togo daga hannun Jamus, Kete-Karaci ta koma ƙarƙashin Ingila, amma babbar hanyar motar da aka shimfiɗa daga Kumasi zuwa Tamale ta bi ta Yeji da Salaga ne, ta bar Kete a gefe. 'Ya'yan masu gida suka bi ciniki inda ya koma, zuwa zangunan Kumasi da Akara da Tamale. Bayan ƙuri'ar raba gardama ta 1956, yankin Togo na Ingila ya haɗe da Gwalkwas, ya zama ɓangaren Ghana a ranar 6 ga Maris 1957.

Tsohon layin kansa ruwa ne ya ci shi. Gwamnatin Kwame Nkrumah ta fara gina madatsar ruwa ta Akosombo a 1961, domin samar da wutar lantarki ga ƙasa da kuma masana'antar narka sanholo da ke Tema, aka toshe kogin a 1964, aka buɗe aikin a hukumance a watan Janairun 1966, wata guda kafin sojoji su kifar da gwamnatin. Tafkin da ya taru a bayan madatsar ya mamaye kusan murabba'in kilomita 8,500, ya shanye ƙauyuka sama da 700, ya kuma tayar da mutane kimanin 80,000, waɗanda aka gina wa sababbin matsugunai 52. Kete-Karaci tana cikin manyan garuruwan da abin ya shafa, sai aka sake gina ta a kan tudu. Gidajen da Hukumar Kogin Volta ta bayar ɗaki ɗaya ne aka kammala a kowanne, tare da rufin da mai gida zai ƙarasa sauran ɗakunan a ƙarƙashinsa idan ya samu hali. Wannan tsari ya yi wa kowa ƙunci, amma ga mutumin zango, wanda darajarsa da sana'arsa suke a zaure da ɗakunan baƙi, ya taɓa tushen zamansa ne kai tsaye. Amfanin da ƙasa ta samu daga wutar Akosombo ba abin musu ba ne, sai dai waɗanda suka biya kuɗinsa da gidajensu da gonakinsu da makabartunsu ba su ne suka fara cin moriyarsa ba.

Tafkin ya kuma sauya taswirar tafiya a arewa baki ɗaya. Mashigin Yeji, wanda a da ɗan gajeren fito ne, ya zama faffaɗan ruwa da ake ƙetarewa da jirgin fito zuwa Makango, babbar hanyar Kumasi zuwa Tamale ta koma ta Kintampo da Buipe da Yapei, Salaga ta sake zama a gefe. Kete-Karaci kuwa ta tsinci kanta a kan wani tsinin ƙasa tsakanin reshen Volta da na kogin Oti, ruwa ta ɓangarori uku, ta yadda mai zuwa daga kudu maso gabas sai ya jira jirgin fito a Dambai, mai zuwa daga Tamale kuma ya biyo ta Salaga da Kpandai. Lokacin da aka ƙirƙiro yankin Oti bayan ƙuri'ar Disambar 2018, Dambai aka ba hedikwata.

Wanda ya je garin yau zai ga hanya mai shiru da take gangarawa bakin tafki, inda kwalekwalen masunta suke jere, ana shanya taru, ana ƙyafe kifi, ana loda doya, wadda ita ce babban amfanin gonar yankin. Daga cikin ruwan, musamman idan ya ja baya da rani, kututturan itatuwan da tafkin ya shanye suna fitowa, kuma su ne babban haɗari ga jiragen da suke zirga-zirga. Kusa da gaɓa akwai ragowar gine-ginen barikin Jamus, waɗanda tsayin wurin da aka gina su ya tsirar da su, tsafin Dente yana nan da masu hidimarsa, sarkin Karaci yana fadarsa, zango kuma yana da masallatansa da makarantun allo, ana jin Hausa a kasuwa tare da harshen Karaci da Twi da Ewe da Konkomba. Duwatsun da suka tilasta wa kwalekwalen gishiri tsayawa suna ƙarƙashin ruwa tare da layin da suka haifar.

Abin da ya fi tsira daga tsohuwar Kete takardu ne. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Ghana da ke Legon, da ƙoƙarin masana irin su Ivor Wilks da Thomas Hodgkin da malaman zango da suka yi aiki tare da su, ta bi gidajen malamai tana ɗaukar hoton rubuce-rubucen Larabci da na ajami, kuma ayyukan Alhaji Umaru suna da yawa a cikin abin da aka tara. Douglas Ferguson ya fassara bayaninsa na ƙasar Hausa zuwa Ingilishi a kundin digirinsa na 1973 a Amurka, Stanisław Piłaszewicz na Jami'ar Warsaw kuma ya fitar da rubutunsa na zube daga takardun Mischlich a shekarar 2000. Kusan duk wannan hidima an yi ta ne da harsunan Turai domin masu karatu na jami'a, alhali mutumin da Hausa ya rubuta, kuma ɗalibin sakandare a Tamale ko Kano ko Maraɗi zai iya karanta bayaninsa na yadda ake rini ko shirya ayari ba tare da tafinta ba, in da za a juya shi zuwa boko a buga shi a ƙaramin littafi mai araha. Aiki ne da sassan Hausa na jami'o'in Najeriya da Nijar da Ghana suke da ma'aikatan da za su iya yin sa, tunda an riga an tattara takardun an kuma san inda suke.